Kaifin Gefe Ɗaya

Direba na cikin laluben aljihun rigar da ya cire wa mahaifinsa sai ya ji babu nauyin da ya saba ji. Ya sake zura hannu, ya juyo da aljihun waje. Tsinken sakace ne da ɓawon ƙwayar magani, shi ke nan. Ya ɗaga matashin kai, ya jawo 'yar durowar da ke gefen gadon asibitin, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado.

"Me kake nema haka kamar wanda ya yar da lasin?" in ji tsohon, yana kwance rigingine da robar ƙarin ruwa a hannu.

"Wuƙarka, Baba. Ba ta cikin aljihu. Kada a ce masu shara sun haɗa da ita."

"Ba ɓata ta yi ba. Na ba ƙanenka jiya da yamma."

Haka ya faɗe ta sakaka, kamar mai cewa shayi ya huce. Direba ya miƙe a hankali, rigar na hannunsa.

"Aro ka ba shi?"

"Aro kuma? Gobe za su shiga da ni ɗakin tiyata. In na fito, hannun nan ya riga ya fara rawa. In ban fito ba, to ta isa inda za ta tun ina gani da idona. Miƙo mini ruwa."

Direba ya tallabo ƙeyarsa ya ba shi ruwan, ya goge masa gemu, ya ɓalla masa maɓallan wankakkiyar riga ɗaya bayan ɗaya. Amma wani abu ya zo ya tokare masa ƙirji, ya ƙi hawa ya ƙi sauka.

'Yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. In ka gan ta yashe a titi ba lalle ka sunkuya ba. Amma kakansu ne ya fara riƙe ta, da ita ya kafa lambun dashen da ke bakin babban titi, inda ake aurar da mangwaro da lemo: a yanko reshen bishiya mai daɗin 'ya'ya, a tsaga ɗan dashe, a haɗa su a ɗaure har su zama jiki ɗaya. Daga kakan ta dawo hannun mahaifinsu, ta tsufa a aljihunsa. Doka ɗaya gare ta a gidan. Ba ta yanka igiya, ba ta feƙe fensir, ba ta taɓa abin da zai shiga baki. Direba bai manta da dokar ba, don a kunnensa aka rubuta masa ita. Yana ɗan yaro ya taɓa ɗauke ta ya fara fere lemo, tsohon ya murɗe masa kunne har sai da ya ga taurari da rana tsaka, ya ce, "Wannan itace take ci, ba abinci ba." Daga ranar bai sake taɓa ta ba sai ta bayan aljihu, in yana sauya wa tsohon riga.

Duk da haka bai taɓa shakkar cewa tasa ce ba. Shi ne ɗan fari. Gaskiya ne lambun bai karɓe shi ba, tun yana saurayi ya gudu daga taɓo da ƙaiƙayin ganye ya kama sitiyari, har tsohon ya daina kiransa da kowane suna sai Direba. Amma gado ai ba a hannun aiki yake bi ba, a ganinsa, jini yake bi, kuma daga sama yake farawa. Ƙanen nasa, wanda kowa ke kira Bahago saboda da hagu yake komai in ban da cin abinci, ya zo duniya ne lokacin da Direba ya riga ya iya zuwa aike shi kaɗai.

Sannan tun da aka kwantar da tsohon, wa ke zuwa da sassafe kafin ya ɗauki lodin farko? Wa ke goge masa jiki, ya fitar da fo, ya bi layin karɓar magani, ya sha harara wajen ma'aikatan jinya? Direba. Bahago sai la'asar yake shigowa da busasshen taɓo a ƙafar wando, ya zauna a bakin gado, su kama hirar wane dashe ya kama, wane ya ƙi. Nan za ka ga fuskar tsohon ta washe kamar an ce masa an sallame shi. Da Direba kuwa hirarsu ba ta wuce "miƙo mini" da "ɗaga ni" ba.

Kishi ne, ba sai an yi masa kwaskwarima ba. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, da 'ya'yansa har an fara zuwa zance wajen babbar, yana kishin ƙanensa a kan 'yar wuƙa.

Fasinjojin safiyar nan su suka sha ukubar. Bas ɗin ta yi ta faɗawa ramukan da kullum yake kauce musu ido rufe. Ya danna wa wani mai keke hon har mutumin ya kusa shiga kwata. Wata mata ta ce a sauke ta a gaban kantin magani, sai da ya wuce da ita har shataletale.

Kwandastansa, wani dattijo mai bakin tsiya da suka daɗe tare, ya leƙo ta taga bayan sun sauke lodi a tasha.

"Maigida, yau da wa aka yi faɗa? In uwargida ce, ka faɗa mini in je biko, kada ka ƙarar da mu a titi."

Direba ya yi tsaki. Da kamar ba zai faɗa ba, sai kuma maganar ta kufce masa. Kwandasta ya saurara har ƙarshe, ya sosa ƙeya.

"Wuƙa dai? Wuƙa wannan ta yanka? Ni na ɗauka lambun ya ba shi."

"Da lambun ne da na ce Allah Ya sanya alheri. Me zan yi da lambu?"

"To me za ka yi da wuƙa? Taya za ka riƙa sokewa?"

"Ba za ka gane ba."

"Na gane mana. So kake a ce kai ne ɗan Baba." Ya yi dariya, ya buga gefen motar da tafin hannu. "Ka je ka ce ya ba ka. Ƙanenka ne fa. Ko kunyarsa kake ji?"

Ba kunya ba ce. In ya roƙa aka ba shi, sadaka ya karɓa. Shi so yake tsohon da bakinsa ya ce an yi kuskure, ya karɓo ta daga hannun Bahago ya sa a nasa. Da rana ta take, fasinja suka yi sauƙi, ya bar motar a layi ya ce wa kwandasta zai je ya dawo.

Lambun na nan yadda ya san shi: layi-layin dashe a baƙaƙen ledoji, rumfar da aka rufa da raga, tankin ruwa mai yoyo da tun yana yaro ake cewa za a gyara. Bahago na zaune a kan juyayyen bokiti, ɗan dashen mangwaro a tsakanin gwiwoyinsa. Da ya ɗago ya ga yayansa, sai ya washe baki.

"A'a, Yaya! Yau a lambu? Lalle za a yi ruwa. Ya jikin Baba da safe?"

"Da sauƙi."

"Ya sha kokonsa... ya sha shayin dai? Jiya ƙi ya yi. Zauna mana, ga benci."

Direba bai zauna ba. Idonsa na kan hannun hagun ƙanen nasa. Ga ta nan, a buɗe, kamar a hannun aka haife ta. Bahago ya ɗora ruwan wuƙar a jikin wani ɗan reshe, ya ja sau ɗaya, ɓawon ya zame ya bar fari fes. Ya juya reshen ya sake ja. Ya tsaga kan dashen, ya cusa, ya naɗe da ledar ɗauri, duk bai ɗauke shi lokacin shan kofin ruwa ba. Da Direba aikin yake kallo da ya ga wani abu. Amma fuskar Bahago yake kallo, yana neman alamar fahariya a cikinta. Bai samu ba, wannan kuwa ya fi komai ba shi haushi.

"Na ji an yi maka kyauta," in ji shi.

Bahago ya dubi wuƙar, ya ɗan sunkuyar da kai. "Wallahi Yaya, ban so ba. Da ya miƙo mini sai na ji kamar sallama yake yi da mu. Ban yi barcin kirki ba."

"Amma ka karɓa."

"To ya zan yi? Ka san Baba."

Wata mota ta tsaya a bakin titi, wani mutum ya sauko yana tambayar dashen lemo. Bahago ya ajiye wuƙar a kan benci, ya goge hannu a wando, ya nufi can ƙarshen lambun da baƙon suna ciniki.

Direba ya ɗauke ta. Ta fi yadda yake zato rashin nauyi. Ruwanta ya yi baƙi da danƙon itace, ya siranta saboda shekarun washi har ya koma kamar ganyen ciyawa. A jikin ƙahon akwai wani ɗan lotsawa da yatsu suka cinye. Ya gwada sa babban yatsansa a ciki, ya ƙi zama, ko ta ina ya juya ta. Sai ya ɗaga ta a rana ya duba bakin. Nan ya ga abin da ya ɗauka babbar hujja ce. Kaifin a karkace yake. Gefe ɗaya an cinye shi da washi, ɗaya gefen a shafe yake sumul, kamar dutse bai taɓa hawa kansa ba.

Ka ji aikin banza, ya ce a ransa. Idon tsoho ya raunana ya daina ganin abin da yake wasawa, shi kuma wannan shashashan ya karɓa ko dubawa bai yi ba. Kwana ɗaya tak a hannunsa, ga ta yashe a kan benci cikin ƙasa, kowa ya zo wucewa ya ɗauka.

Dabarar ta zo masa gaba ɗayanta a lokaci guda, har sai da ya ji daɗin kansa. Zai kai a gyara ta, a wanke ta, a daidaita mata baki. Da la'asar, a gaban Bahago, zai ɗora ta a tafin tsohon tana ƙyalli, ya ga bambancin wanda ya san darajar kayan gado da wanda ya mayar da shi abin tonon ƙasa. Ba sata ba ce, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ya naɗe ta, ya jefa a aljihu, ya ɗaga wa Bahago hannu daga nesa ya fita.

A layin maƙera na kasuwa akwai mai washi, wani kakkauran mutum mai tabarau ɗaure da zare, zaune a bayan injinsa tsakanin tarin almakashin teloli da wuƙaƙen mahauta. Ya karɓi wuƙar, ya buɗe, ya juya ta gaba da baya.

"Tsohuwar ajiya. Ƙarfen da kyau kuwa. Me za a yi mata?"

"A wanke ta tas, ta yi haske. Sannan a daidaita bakin."

"Gefe ɗaya aka wasa ta fa."

"Shi ya sa na kawo ta. Mai ita ya tsufa, ba ya gani sosai."

Mai washi ya dube shi ta saman tabarau. "Akwai masu son tasu a haka. Ka tabbata?"

"Malam, wuƙar gidanmu ce. Tun kafin a haife ni take gidanmu. Kai za ka faɗa mini yadda take?"

"Allah Ya ba ka haƙuri. Mai kaya shi ke da magana."

Ya taka injin. Dutsen ya fara juyawa, tartsatsi ya riƙa tashi yana mutuwa a kan gaban rigarsa. Direba na tsaye yana kallon baƙin danƙon na ficewa, farin ƙarfe na fitowa. Da mai washi ya kifa wuƙar ya ɗora shafaffen gefen a kan dutsen, ƙarar ta sauya, ta yi wani siririn kuka. Wayar Direba ta yi ta ruri a aljihu. Ya duba, Bahago ne. Ya mayar da ita. Ta sake, ya sake dubawa, ya yi murmushi. Bari ya ɗanɗana, shi ma ya ji yadda ake laluben aljihu a ji wayam.

Mai washi ya goge ta da tsumma, ya ɗiga mata mai a gaɓa, ya shafa wa ƙahon ma. Ya gwada ta a gashin hannunsa, ta share shi.

"Ga ta nan. Ko aski kake so za ta yi."

Ta yi kyau, wannan ba a musu. Kaifi biyu daidai wa daida, tana ɗaukar ido. Direba ya biya, bai ko nemi ragi ba. Lodi biyun da ya yi bayan nan, fasinja sun ji daɗinsa. Har kwandasta ya ce, "An shirya da uwargidan ke nan?" shi kuwa sai taɓa aljihu yake yana fito.

Lokacin ziyara ya yi, barandar asibiti ta cika da masu kwanuka da filas. Direba ya tsaya ya sayi lemo a bakin ƙofa, don tsohon ya ce bakinsa ba daɗi. A ƙofar ɗakin marasa lafiya ya tarar da Bahago jingine da bango, ko wanke ƙafa bai yi ba, idanunsa sun yi ja.

"Yaya, tun ɗazu nake kiranka. Wuƙar Baba. Na ajiye ta a benci, na dawo babu. Na zazzage ledoji, na kwashe takin nan gaba ɗaya da hannu, har gidan mutumin da ya sayi lemo na bi. Ba ka gan ta ba lokacin da za ka tafi?"

"Kwana ɗaya," in ji Direba. "Kwana ɗaya tak aka ba ka."

"Na sani. Wallahi na sani. Ya zan faɗa masa, gobe tiyata?"

"Da bakin da ka karɓa da shi za ka faɗa. Mu shiga."

Allah Ya sani, daɗin da ya ji a wannan 'yar tafiyar daga ƙofa zuwa gado ya daɗe bai ji irinsa ba. An jingina tsohon da matasai, yana jin shigowarsu ya fara tambayar ko dashen da aka aurar makon jiya sun fara toho. Bahago ya durƙusa a gefen gado, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Baba, wuƙar nan... na yi sakaci..."

Direba ya bar shi ya yi ta inda-inda. Sannan ya ajiye ledar lemo a kan durowa, ya zura hannu a aljihu.

"Ga ta nan, Baba. A kan benci na tsince ta, cikin ƙasa, ta yi baƙi ƙirin. Na ce abin da Kaka ya bari bai kamata ya lalace muna raye ba. Na kai an gyara ta."

Ya buɗe ta, ya ɗora a tafin tsohon. Hasken taga ya faɗa a kanta. Bahago ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, ya dafe kai, ko fushin ma bai samu ya yi ba.

Tsohon bai kalle ta ba, don idon ya daɗe da daina yi masa wannan aikin. Ya mayar da ita hannun hagu, babban yatsansa ya faɗa cikin lotsawar ƙahon ya zauna daram. Ya shafa ruwan wuƙar da yatsan dama, daga gindi zuwa tsini. Ya juya ta ya shafa bayan. Yatsan ya tsaya. Ya sake shafawa a hankali, kamar mai laluben ƙurji a jikin jariri.

A gadon da ke kusa wani na tari, matarsa na yi masa sannu.

"Wa ya hau bayanta da dutse?" in ji tsohon.

"Mai washi na kasuwa. A karkace take, Baba. Gefe ɗaya kawai ke da kaifi, shi ne na ce a daidaita."

Bahago ya miƙe zumbur ya leƙa. Da ya gani sai ya kama bakinsa da hannu.

"Yaya, me ka yi? Ba karkata ba ce, haka ake yin ta! Bayan nan a shafe ake barinsa don ya kwanta a jikin reshe, yankan ya fita a miƙe. In yankan bai miƙe ba, itacen biyu ba sa haɗa jiki, iska ta shiga, dashen ya mutu. Mai kaifi biyu nutsewa take ta yi rami."

"To a mayar da ita yadda take mana," in ji Direba. Muryarsa ta fita ƙarama.

"Da wane ƙarfen? Dubi abin da ya rage. In aka sake cin bayan nan sai ta koma allura."

Tsohon ya ɗaga hannu, Bahago ya yi shiru.

"Kakanku bahago ne," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Shi ya wasa ta da kansa, ta gefen da zai yi wa hagu daidai. Mai aiki da dama ko ya riƙe ta ba za ta yi masa aiki ba. Ni ma ka san da hagu nake aiki."

"Na sani."

Ya sani kuwa. Duk rayuwarsa yana ganin hannun da tsohon ke riƙe almakashi da shi, da wanda yake murɗe kunne da shi. Bai taɓa haɗa wannan da wancan ba.

"To shi ke nan dalilin. Hannu ta bi."

Da a ce tsawa aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Abin da ya tokare shi tun safe ya taso gaba ɗaya, ya manta a asibiti yake.

"Ni ne babba, Baba! Ni nake zuwa nan kullum tun gari bai waye ba. Ni nake wanke ka, ni nake ɗaga ka. Shi sai ya zo ku yi hira ku yi dariya. Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa, Direba zo ka ga yadda ake riƙe ta ba. Kunnena kawai ka murɗe."

Masu ziyara a gadajen kusa suka juyo. Bahago ya sunkuyar da kai. Tsohon ya daɗe yana duban inda muryar ɗan nasa ke fitowa, da mamaki a fuskarsa, mamaki na gaskiya.

"Kai nake bari ka wanke ni, ai. Wannan ko rigata ban taɓa yarda ya cire mini ba." Ya ɗan numfasa. "Ban san kana son ta ba. Ka ce ba ka son lambu, na ɗauka har da ita."

Ya naɗe wuƙar da hannu ɗaya, ta yi 'yar ƙarar da suka sani tun suna yara. Ya miƙo ta.

"Ungo. Riƙe ta."

"Baba, ba haka nake..."

"Riƙe mana. Yanzu kowane hannu za ta yi wa."

Direba ya karɓa. Abin da ya kwana ya tashi yana jira shekara da shekaru ke nan, daga hannun tsohon zuwa nasa, a gaban Bahago. Ya tsaya riƙe da ita kamar wanda aka ba ajiyar garwashi.

Tsohon ya riga ya juya ga ƙaramin. "Kai kuma daina wannan fuskar, ba mutuwa aka yi ba. A cikin akwatin kayan aikina akwai wata sabuwa da ban taɓa wasawa ba. Ƙarfenta bai kai wannan ba, amma za ta yi. Da kanka za ka fitar mata da baki, kada ka kai wa inji. Kawo hannunka in nuna maka."

Bahago ya matso. Tsohon ya ɗauki cokalin shayi daga kan durowa, ya sa masa a hannun hagu, ya rufe hannun da nasa mai rawa. Suka kwantar da cokalin a kan ƙarfen gado, suna ja a hankali, suna dawowa.

"Kwantar da ita sosai. Haka. Kada ka ɗaga. Kakanka cewa yake, in ka ji tana kuka ka matsa mata da yawa."

Kawunansu biyu sun kusa haɗuwa. Direba na tsaye a ƙarshen gado, babu wanda ya ce ya matsa, babu wanda ya ce ya zauna. Can tsohon ya ɗago kamar wanda ya tuna da wani abu, ya shinshina iska.

"Lemo nake ji? Direba, feraye mini ɗaya mana. Ga wuƙa nan a hannunka."

Direba ya dube shi, ko zai ga alamar gatse. Babu. Tsoho ne kawai mai ɗacin baki yana son lemo, har ya mayar da hankalinsa kan cokali.

Ya zaro lemo ɗaya daga leda, ya buɗe wuƙar. Babban yatsansa ya nemi wurin zama a jikin ƙahon bai samu ba. Ya ɗora kaifin a kan ɓawon, ya fara juyawa. Tana ci kuwa, ba gardama. Ɓawon ya riƙa sauka a nannaɗe, bai tsinke ko sau ɗaya ba.